Zagin Da Ba A Ramawa

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, bayan an sallame la'asar, muka zauna a zauren ciki na gidanmu a Dutsin-Ma. Na san lokacin don ni kaɗai ke da agogo a gidan, kuma na duba shi kafin in tuɓe takalmi. Waɗanda suke nan su ne Baba, a kan buzunsa, Goggo, yayarsa, wadda ta taso tun daga Kurfi a kan jaki, ta kuma ƙi taɓa ruwan da aka kawo mata, ɗanta, taubashinmu, dillalin tumaki da awaki, wana, ɗan farin Baba, limamin unguwarmu, sai ni. Inna tana bayan ƙyaure ta cikin gida. Ba mu ganinta, amma kowa ya san tana nan. A lokacin saura 'yan shekaru kaɗan a ba da mulkin kai.

Abin da ya tara mu shi ne wana ya zagi taubashinmu da Turanci a tsakiyar kasuwa, taubashin ya ce sai ya kai ƙara gaban alƙali, ni kuma aka aika aka kira ni in faɗi abin da zagin yake nufi. In ya tabbata zagin ya taɓa uwa, to bulala ce za ta hau bayan wana a bainar jama'a, kuma daga ranar babu mu babu gidan Goggo. Bakina ne zai yanke wannan. Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Na farko, wasan da ke tsakaninsu. Ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, kuma a wurinmu taubashi yana da lasisin faɗa maka abin da ko sarki ba zai faɗa ba. Zai ce kai bawansa ne, kai ma ka ce shi ne bawanka. Zai kushe rigarka, ya kushe hancinka, ya kushe gonarka. Dokar biyu ce kawai. Ba a taɓa iyaye, don uwarsa goggonka ce, ubanka kuma kawunsa. Sa'an nan duk abin da aka jefo maka kana da damar ramawa nan take. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. To shi taubashinmu Allah ya ba shi baki. Mutumin da ya wuni yana shiga tsakanin mai akuya da mai saye, ba ka kayar da shi da magana. Wana kuwa mai nauyin harshe ne. Tun suna yara, kafin ya haɗa amsa an riga an gama dariya an watse. Sau da yawa sai mun kama hanyar gida zai ce mini, "Kai, da na ce masa kaza." Haka suka girma, ɗaya yana ci kullum, ɗaya yana haɗiyewa.

Na biyu, aikin wana. A shekarar ana zuba marmara ana gina kwalbati a hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta nufi Kurfi. Wana ya shiga lebura, da yake ƙaƙƙarfa ne kuma ba ya makara, aka naɗa shi heluma, wato shugaban leburori. Aka ba shi gajeren wando na kaki. Akwai wani Bature mai duba aikin da yake zuwa da safe a mota, ya sauka yana ɗaga murya. Daga bakinsa wana ya tsinci kalmomi. Ba shi kaɗai ba, duk samarin da suka yi aikin hanya haka suka dawo da su gida, suna jin daɗinsu kamar wanda ya sayi sabon tabarau. Yadda suke auna nauyin kalma kuwa shi ne da jan fuskar Baturen. Wadda ya faɗa fuskarsa ta fi ja, ita ce babba, ita ake ajiyewa don ranar bukata.

Na uku, abin da ya faru. Ranar kasuwar Dutsin-Ma wana ya bi ta kara, inda ake sayar da dabbobi, sanye da kakinsa. Taubashinmu yana riƙe da igiyar wani rago, ya hango shi, ya ɗaga murya.

"Jama'a ku ba bawana hanya! Wai yadin Bature ne ya ƙare, ko kuwa ɓera ya ci sauran wandon? Dubi ƙwauri kamar na zalɓe. Zo nan in saya maka zane ka rufe, kar ka kore mini masu saye."

Aka yi dariya kamar kullum. Amma ran nan wana yana da abin da zai fitar. Ya tsaya, ya sa hannu a ƙugu yadda Baturen yake yi, ya ce, "Sharap! Nonsans! Buladi ful, bushman, basta!"

Kara ta ɗauka da shewa. Taubashinmu ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai kama, don bai san abin da aka jefo masa ba. Mahauta da 'yan kamasho suka yi ta cewa yau an kashe bakin dillali. Sai wani tsohon soja da ya yi yaƙi a ƙasashen waje, yana zaune a gindin bedi, ya ce, "Ku daina dariya. Ta ƙarshen nan uwa ya zagar masa." Taubashinmu ya miƙa wa wani igiyar ragon, ya bar kasuwa tun rana ba ta yi tsaka ba, abin da bai taɓa yi ba. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Goggo a Kurfi.

Ni a lokacin ƙaramin malami ne a wata makarantar elementare wajen Shema. Karatuna ba mai zurfi ba ne. Na gama elementare, na shiga Midil a Katsina, ciwon ido ya dawo da ni gida ban ƙare ba. Amma waɗannan kalmomi na san su, don an sha faɗa mana su a aji, kuma wani akawu mutumin kudu da muka yi zaman haya tare ya taɓa warware mini su ɗaya bayan ɗaya. Da ɗan aiken Baba ya zo, na hau keke na kamo hanya. Hanyar duka ina juya abin. In na faɗi gaskiya na miƙa wana ga bulala. In na ce ban sani ba, alƙali zai kira akawun kotu ya faɗa, ni kuma in zama malamin da ya yi wa goggonsa ƙarya. Na iso gida ban sami mafita ba.

Liman ne ya fara magana. Ya ce hukuncin wanda ya kore mutum daga ubansa ba tare da shaidu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala tamanin, kuma shari'a ba ruwanta da yaren da aka yi zagin, in dai ma'anar ta tabbata. Ya ƙara da cewa in masu haƙƙi suka yafe tun maganar ba ta kai gaban alƙali ba, shi ke nan. In ta kai, ta fita hannun kowa. Masu haƙƙin kuwa ga su nan zaune, ɗa da uwa.

Baba ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, mun sa ka boko. Yau ga ranarta. Faɗi mi wannan ya ce." Baba ba ya kiran sunan wana, don ɗan fari ne. Kullum "wannan" yake ce masa.

Na ce, "Baba, a bar ni in bi su daga ƙarama zuwa babba."

Goggo ta ce, "Bi su yadda ka ga dama, amma kar ka tsallake ko guda. Na ƙirga su a bakin mutane, biyar ne."

Na fara. Na ce sharap, rufe baki ke nan. Ba zagi ba ne can, amma yaro ake faɗa wa, ko bara, ba a faɗa wa tsara. Nonsans kuma maganar banza, tana da 'yar'uwa da ake ce wa rabish, wato shara. Su biyun magana ko aiki suke kushewa, mutumin suna barinsa. Na ce ful wawa ne. Buladi da aka ɗora a gabanta asalinta jini, amma a nan ba ta nufin kome, nauyi kawai take ƙarawa, kamar a ce wawa na ƙarshe.

Taubashinmu ya ce, "Wawa dai? To wannan ai na sha ce masa tun yana tsirara. Ci gaba."

Na ce bushman mutumin daji, baƙauye. Sai dai ta fi baƙauyen da muke faɗa zafi. In ɗan birni ya ce maka baƙauye, yana nufin ba ka iya ɗaura rawani ba. In Bature ya ce bushman, yana nufin duk wanda bai shiga hanyarsa ba, da mai rawanin da marar shi. Na ce ko Liman ya wuce ta gabansa yana iya faɗa masa ita. Liman ya gyara zama ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

Saura ɗaya. Na dubi wana, ya sunkuyar da kai yana murza yatsan ƙafarsa a tabarma. Na dubi Goggo, matar da ta yi goyona lokacin da Inna ta yi ciwon nono. Ban iya faɗa ina kallonta ba, sai na mai da ido ga bango.

Na ce, "Basta, wanda aka haifa ba aure."

Liman ya ce, "Innalillahi." Goggo ta juya wajen ƙanenta. Can ta ce wa Baba, "Ka ji ko? Kai ka riƙa linzamin dokin da ya kai ni Kurfi ranar aurena. Yau ɗanka ya tsaya a kara ya ce ba a ɗaura ba."

Na yi ƙoƙarin in sassauta. Na ce su Turawan, yadda akawun ya gaya mini, sukan faɗe ta cikin fushi ba tare da sun nufi uwar kowa ba, kamar yadda mu ma ake cewa shege a kasuwa. Liman ya girgiza kai. Ya ce shegen kasuwa kowa ya san nauyinsa, ya goge kamar tsohon kwabo. Wannan kuwa baƙuwa ce, ba wanda ya san wasanta, ainihin ma'anarta kawai za a tambaya a gaban alƙali. A nan na tabbata wana ya shiga uku, kuma da bakina.

Baba ya juya ya ce, "Kai wannan, ka san abin da ka faɗa?"

Wana ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Na dai san mai nauyi ce. Na ɗauka malalaci take nufi, don in kwalbati bai ƙare ba ita yake faɗa mini."

Baba ya ce, "Wa yake faɗa wa?"

"Ni. Kusan kullum da safe."

"Kai kuma mi kake cewa?"

Wana ya ce, "Yessa."

Baba ya dube ni. Na ce, "Na'am ranka ya daɗe ke nan."

A bayan ƙyaure muka ji ƙwarya ta faɗi. Ba wanda ya waiwaya, kowa ya san hannun da ta kuɓuce wa. Sai a lokacin wana ya gane abin da yake amsawa da ladabi kowace safiya, da kuma wadda ake zaga. Ƙaton mutum, mai ɗaukar dutsen da leburori biyu suke kasawa, ya sa hannu ya rufe fuska.

Goggo ta dube shi. Ta ce, "Ashe abin da aka watsa maka ne ka tara a riga ka kawo mana gida. Kai shashasha. Ni na yafe nawa, don uwarka ta riga ni sha, ta fi ni sha kuma. Amma wancan," ta nuna ɗanta da haɓa, "shi ya san nasa."

Taubashinmu ya ce shi bai yafe ba. Ya ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri. Ko da wawa kaɗai ya ce, zafin yana nan. Shekara nawa muna wasan nan? Na taɓa jifansa da abin da bai san kansa da gindinsa ba? Duk abin da na ce, da Hausa na ce, ƙofa a buɗe take ya rama, nauyin bakinsa ne ya hana shi. Shi kuwa ya ɗauko sandan da ba ni da irinsa, ya buge ni gaban abokan cinikina, na tsaya kamar gunki. Jiya wani yaro ya bi ni a Kurfi yana sharap, sharap. Dillalin da aka kashe wa baki wa zai ba shi akuyarsa?"

Wannan magana tasa ita ta buɗe mini ido kan abin da ban taɓa lura da shi ba, ko da yake ni ne mai Turancin. Kalmomin nan gangara kawai suke yi, kamar ruwan tudu. Bature ya faɗa wa akawu, akawu ya faɗa wa heluma, heluma ya faɗa wa lebura, lebura ya faɗa wa jakinsa. Ban taɓa jin wanda ya mayar da su sama ba. Zagin taubasai kuwa tsakanin tsara yake, yana zuwa yana dawowa, shi ya sa ba ya barin miki. Wana ya ɗauko abin da aka ƙera don wanda ba shi da ikon amsawa, ya shigo da shi cikin wasan da duk daɗinsa amsa ce.

Goggo ce ta kawo shawara. Ta ce ranar kasuwa mai zuwa wana ya je kara, wurin da ya tsaya, da wandon nan nasa, ya tsaya. Ya faɗa wa jama'a da Hausa cewa ya yi ɓarin baki kan goggonsa, ya janye. Sa'an nan ɗanta ya rama har ya ƙoshi, wana kuma in yana da amsa ya bayar, amma da Hausa. Baba ya ce ya yarda. Wana ya ce ya yarda. Taubashinmu ya tashi ya kaɗe riga ya ce, "Zan duba. Hanyar kara da ta gidan alƙali ai guda ce, sai a bakin masallaci suke rabuwa." Ya fita. Goggo ta bi bayansa, har yanzu ba ta sha ruwanmu ba.

Kwanakin da suka biyo ba na son tuna su. Na koma Shema ina koyar da yara ƙidaya, hankalina yana gida. Inna ta daina cin abincin kirki. Wana yana zuwa aiki yana dawowa ba ya magana da kowa. Baba ya aika Kurfi da goro, aka karɓa, ba a aiko da amsa ba. Na taɓa ganin an yi wa mutum haddi a ƙofar alƙali ina yaro, kuma ba zafin bulalar na fi tsoro ba. Wanda aka yi wa haddin ƙazafi ba a ƙara karɓar shaidarsa, sunan kuma yana bin 'ya'yansa.

Ranar kasuwa na nemi izini na zo. Da hantsi wana ya tafi kara ya tsaya cikin rana da kakinsa. Ni kuma na tsaya a bakin masallaci inda hanya ta rabu, don in ga ta inda taubashinmu zai bi. Mutanen Kurfi suka yi ta shigowa, masu jakai da masu kaya a ka, babu shi. Rana ta ɗaga. Har na fara zaton ya zaga ta baya ya riga ya shiga wurin alƙali. Sai ga shi tafe a hankali, ya sha rigarsa ta Juma'a, ba ya jan ko akuya ɗaya. Na ɗauka wurin alƙali ya nufa, don mai zuwa ciniki ba ya yin wannan shiga. Ya iso mararrabar ya tsaya, ya dube ni.

Ya ce, "Malam ƙarami, an sa ka gadi ne? Kai ma da ƙeyar nan taka kamar ludayi."

Ya karkata ya bi hanyar kara. Na tsaya na yi hamdala, sa'an nan na bi bayansa daga nesa.

Da na isa, wana ya riga ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Taubashinmu ya zagaya shi kamar mai taya bijimi. Ya ce wa jama'a su zo su ga Baturen da aka manta a rana ya ƙone. Ya ce wandon gadon wani wada ne. Ya ce kwalbatin da wana ya gina, kwaɗo ya leƙa ya ce gara ramin kakansa. Ya ce a taya, ko da buhun ƙaiƙayi zai sallama bawan nan, don abincinsa ya fi aikinsa. Mutane har da masu riƙe ciki. Wana yana tsaye zufa tana zuba. Can da aka lafa, ya ce, "Rigar nan dai ta aro ce, na san mai ita." Amsar ba ta kai ta kawo ba, amma aka yi mata dariya, taubashin ma ya yi. Ya kama hannun wana suka tafi wurin mai fura. Da yamma Goggo ta aiko a gaya wa Inna tana nan zuwa suna in matar wana, da take da tsohon ciki, ta sauka.

Wana bai bar aikin hanya ba sai da aka gama, don akwai iyali. Ya gaya mini Baturen bai fasa faɗin kalmar ba, shi dai ya daina amsawa, sai ya tsaya kawai ya dube shi. Ban ƙara jin Turanci a bakinsa ba har ya rasu, ko da na gaisuwa ne.

Yanzu duk waɗanda suka zauna a zauren nan sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Kalmomin kuwa sun yi yawa, har sun fi na da. Ina jin su a tasha, ina jin su a bakin 'yan makaranta, wani lokaci ƙane yana faɗa wa wansa. Roƙon da nake yi gare ka, mai karatu, guda ne. In ka ji ɗanka ko ɗan maƙwabcinka ya jefi wani da zagin Turanci, kira shi gefe, ka sa ya maimaita maka shi da Hausa, yana kallon idonka. In ya kasa, ka gaya masa ma'anar, sa'an nan ka sa ya koma ya nemi wanda ya zaga.